Batun Halatta Tabar Wiwi Don Magani: Ina Rabon Talakan Gaya Da Ajingi?

A cikin watan Mayu na shekarar 2019 ne Gwamnan Jihar Ondo na wancan lokaci, marigayi Rotimi Akeredolu, ya kai ziyara ƙasar Tailan tare da shugaban Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, watau NDLEA, na lokacin, Kanar Muhammad Mustapha Abdallah mai ritaya, domin su gane wa idanunsu yadda ake sarrafa tabar wiwi a mai da ita magani. A kan wannan ziyara ce Gwamnan ya yi kira ga Gwamnatin Tarayya da ta ba da izinin noman tabar a ƙarƙashin sa idon hukuma, yana mai cewa ƙasar nan za ta cuci kanta idan ta bari wannan ciniki ya wuce ta. Tun daga lokacin maganar ba ta kwanta ba. An gabatar da shirin doka fiye da ɗaya a Majalisar Wakilai, cikinsu har da na Miriam Onuoha daga Jihar Imo da na Benjamin Kalu daga Jihar Abiya, amma a watan Maris na 2023 majalisar ta jingine batun bayan zazzafar muhawara. Shi kuwa Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya, wanda ya karɓi ragamar NDLEA a watan Janairun 2021, ya sha bayyana cewa hukumarsa ba ta goyon bayan a halatta tabar a cikin gida.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan gardama ce ta Abuja da Akure, ina ruwan mutumin Gaya ko na Ajingi da ita? Yana da ruwa, har ma da tsaki. Labari yakan taso daga majalisa da kansa da ƙafafunsa, amma kafin ya iso tashar mota ko teburin mai shayi a gabashin Kano, ta rediyo ko ta wayar hannu, sai a tarar magana ɗaya tak ta rage daga cikinsa: ai Turawa ma sun ce wiwi magani ce. Da wannan magana saurayi ke kare kansa a gaban mahaifinsa, kuma da yake akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, uban da bai san tushen zancen ba sai ya rasa amsa.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana sakamakonsa a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A Jihar Kano kashi 16 cikin ɗari ne na masu waɗannan shekaru, watau fiye da mutum miliyan ɗaya, wanda ya ɗara matsakaicin ƙasa baki ɗaya. Jihar kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta, ba birni kaɗai ba ne. Gaya tana da mutane fiye da 200,000 a ƙidayar 2006, Ajingi kuma fiye da 170,000, akasarinsu manoma, samarinsu kuma su ne ke cin rani a Kano da Legas da Fatakwal su komo gida da damina da abin da suka samo, mai kyau da marar kyau.

Tsohuwar magani, sabuwar doka

Wiwi ba tsiron ƙasar Hausa ba ce. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa ta yaɗu a Nijeriya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojojin da suka komo daga Indiya da Bama da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Manomin Gaya da zai ga ganyenta karon farko zai ɗauka rama ce, domin ganyen nasu ya yi kama ƙwarai, har masana tsirrai suka raɗa wa rama suna na Latin da ke nuna wannan kama. Amma kama da wane ba ta wane ba ce. Ba danginsu ɗaya ba, kuma babu ko ɗigon maye a cikin kwaɗon rama.

A Asiya kuwa an daɗe ana magani da ita. Wani likita ɗan ƙasar Ailan mai suna William O'Shaughnessy, da ke aiki a Kalkata, shi ne ya gabatar da ita ga likitocin Turai a 1839, bayan ya jarraba ta a kan masu ciwon gaɓɓai da masu sarƙewar haƙora da wata jaririya mai jijjiga. Kusan shekara ɗari ana sayar da ruwanta a kantunan magani na Ingila da Amurka. Abin da ya kayar da ita tun kafin doka ta kayar da ita shi ne rashin ma'auni: kwalba ɗaya ta yi ƙarfi, wata ta zama kamar ruwa, likita bai san abin da ya ba majinyaci ba. Da aka sami asfirin da allurar kashe zafi masu tabbataccen awo, sai aka juya mata baya. A 1925 aka sa ta cikin yarjejeniyar Janeba bisa matsin lambar ƙasar Masar, sa'an nan yarjejeniyar 1961 ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jera ta a rukuni mafi tsanani, tare da hodar heroyin.

A nan gida, dokar magunguna masu haɗari ta 1935 ce ta fara hana ta. A 1964 Dokta Tolani Asuni na asibitin Aro da ke Abekuta ya wallafa bincikensa a kan masu taɓin hankalin da ke shan ta, kuma bayan shekara biyu gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa doka ta 19 ta 1966, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta, da ɗaurin shekara goma ga wanda ya sha. An sassauta dokar a 1975, aka sake tsananta ta a 1984, aka kafa NDLEA a 1989. Duk wannan hawa da sauka bai hana adadin mashaya kaiwa miliyan goma ba, kuma wannan hujja ce mai nauyi a hannun masu neman a sake lale. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ita kanta dokar 1966 ta keɓe magungunan da aka haɗa da wiwi, muddin an bi ƙa'idar dokar magunguna masu haɗari wajen mallakarsu.

Malaman fiƙihu ma sun riga 'yan majalisa tattauna batun da ƙarni bakwai. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya sa hashish a cikin abubuwan da ke ɓata hankali, ya bambanta ta da giya wajen hukunci, Ibn Taimiyya kuwa ya daidaita su. Amma dukkansu sun haɗu a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali don nishaɗi, kamar yadda malamai suka yarda a gusar da shi don lalurar fiɗa.

Abin da likitoci suka tabbatar

Ranar 2 ga Disamba, 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kayan maye ta kaɗa ƙuri'a a birnin Biyana a kan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasashe 27 suka amince a cire wiwi daga wancan rukuni mafi tsanani, 25 suka ƙi, cikinsu har da Nijeriya. Wannan ƙuri'a ce asalin jita-jitar cewa duniya ta halatta wiwi. Ba a halatta ta ba. An bar ta a rukunin farko, inda mofin yake, watau abin da ake iya magani da shi amma sai da takardar likita da tsauraran matakan tsaro.

Tsiron yana ɗauke da sinadarai fiye da ɗari na danginsa, amma biyu ne ake magana a kansu. Na farko shi ne THC, wanda Farfesa Raphael Mechoulam da abokin aikinsa Yechiel Gaoni suka tace a 1964, shi ne mai sa maye. Na biyu shi ne CBD, wanda ba ya bugarwa. A ƙarshen shekarun 1980 aka gano cewa a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu wurare na musamman da THC ke shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo, a 1992 kuma aka gano cewa jikin ɗan Adam da kansa yana ƙera nasa mabuɗin, wanda ke da hannu wajen daidaita jin zafi da yunwa da barci da tunani. Wannan shi ya sa tsiron ke iya amfani, shi ne kuma ya sa yake iya ɓarna, domin mabuɗin waje yakan buɗe ƙofofin gaba ɗaya, ba tare da la'akari da wadda jiki ke bukata ba.

Magungunan da hukumomin lafiya na ƙasashen Yamma suka amince da su ba su da yawa, ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. A 1985 Amurka ta yarda da Marinol da Cesamet don tsayar da amai ga masu ciwon daji da ake ɗura wa magani mai ƙarfi, a 1992 kuma aka ƙara da amfani da Marinol don buɗe cikin masu ƙanjamau da suka rame. Akwai Sativex, wanda ake fesawa a baki, da Ingila ta amince da shi a 2010 don sassauta ɗaurewar tsoka ga masu wata cuta mai cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, cutar da ba ta cika yawa a ƙasashe masu zafi ba. Sai Epidiolex, tataccen man CBD, da aka amince da shi a watan Yunin 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan na ƙarshe, domin shi ne tutar da masu neman halattawa suka fi ɗagawa. A gwajin da aka wallafa a 2017, an ɗauki yara da matasa 120 masu farfaɗiyar da ake kira ta Dravet, aka raba su biyu, rabi aka ba su man CBD a kan magungunansu na kullum, rabi aka ba su man da babu magani a cikinsa, ba tare da iyaye ko likitoci sun san wanda ya sami wanne ba. A wurin waɗanda suka sami maganin, faɗuwa ta ragu daga kimanin sau 12 a wata zuwa sau 6. A ɗaya rukunin kuwa daga kusan 15 ta koma 14. Ga uwar da ɗanta ke faɗuwa kowane kwana biyu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma kashi 5 cikin ɗari ne kacal faɗuwar ta ɗauke musu ɗungum, da yawa sun yi fama da gudawa da amai da yawan barci, wasu kuma sai da aka riƙa auna lafiyar hantarsu. Kuɗin maganin a Amurka lokacin da ya fito ya kai dala 32,500 a shekara.

Game da ciwo mai daɗewa, bakin masana bai zo ɗaya ba. Babban rahoton da cibiyoyin kimiyya na Amurka suka fitar a 2017 ya ce akwai ƙwaƙƙwarar shaida cewa tana rage shi ga manya, amma a 2021 ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta ce shaidar ba ta kai a ba da shawarar amfani da ita ba. Wanda zai fi jan hankalin mutanen Kano shi ne ciwon sikila, wanda kusan babu zuriyar da bai taɓa ba. An jarraba turirin wiwi a kan masu sikila 23 a Kalifoniya, aka wallafa sakamakon a 2020, kuma ba a sami wani bambanci na a zo a gani wajen rage zafin ba. Hawan jinin ido ma haka: tana saukar da shi na awa uku ko huɗu kawai, don haka likitocin ido ba su yarda da ita ba.

Ɓangaren da mai shayi ba ya ji

Haɗarin da ya fi tsanani shi ne na ƙwaƙwalwa. A 1987 aka wallafa sakamakon bin diddigin samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja a ƙasar Suwidin har tsawon shekara 15, aka tarar waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau shida wajen kamuwa da taɓin hankali mai tsanani da likitoci ke kira sikizofireniya. Wani binciken na 2019 a wurare 11 na Turai da Barazil ya nuna mai shan ta kullum ya ninka wanda ba ya sha kimanin sau uku wajen haɗarin zaucewa, idan kuwa mai ƙarfi yake sha, kusan sau biyar. Gaskiya ne akasarin mashaya ba sa haukacewa, kuma gado yana da nasa rabon, sai dai babu saurayin da ya san irin gadon da ke cikin jininsa kafin ya kunna ta farko. Kimanin mutum ɗaya cikin goma na masu shan ta takan zame masa jaraba, ga wanda ya fara tun yana ɗan makaranta kuwa ɗaya ne cikin shida. Har ila yau an tabbatar da dangantakarta da haɗarin mota, da tari mai naci, da haihuwar jarirai marasa nauyi. Duk wanda ya san yawan samarin da ke neman abinci a kan babur tsakanin Wudil da Gaya da ƙauyukan Ajingi, ya san abin da na farkon ke nufi.

Daɗin daɗawa, wiwin yau ba ta jiya ba ce. A Amurka ƙarfin THC a cikin tabar da 'yan sanda ke kamawa ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kashi 12 a 2014. NDLEA takan kama irin waɗannan masu ƙarfi da ake shigowa da su ta tashoshin jiragen ruwa da na sama na Legas, ga kuma wadda ake fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji, waɗanda suka fi THC ƙarfi nesa ba kusa ba. Irin wannan haɗin, da ake kira kush, shi ya sa Shugaba Julius Maada Bio na Saliyo ya kafa dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024. Ko kwalaben man CBD da ake talla a intanet ba abin dogaro ba ne: da aka auna iri 84 a Amurka a 2017, kashi 31 cikin ɗari ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki, 18 daga cikinsu kuma akwai THC a ciki.

Wa zai ci riba, wa zai biya?

Masu hujjar tattalin arziki sukan kawo misalin Lesoto, wadda ta fara ba da lasisi a Afirka a 2017, da Zimbabuwe a 2018, da Malawi a 2020, da Maroko a 2021. Amma wiwin magani ba a gonar gado ake noma ta ba. Masu saye a Turai suna bukatar rumfunan gilashi da ɗakunan gwaji da takardun shaidar inganci, don haka a Lesoto kamfanoni masu jarin waje ne suka sami lasisin, ƙananan manoman kan duwatsu kuwa suka ci gaba da sayarwa a ɓoye kamar da. A Nijeriya ma dazuzzukan Ondo da Edo da Ekiti da Osun ne matattarar nomanta. Kano kasuwa ce. Idan an buɗe ƙofar noma, kuɗin lasisi da haraji za su tsaya inda gonakin suke, abin da ya tsiyaye daga gonakin kuwa arewa zai nufo a cikin manyan motoci. Manomin gero da gyaɗa na Ajingi ba ya cikin lissafin riba.

Ita kanta Tailan da aka je koyo wurinta, ta cire wiwi daga jerin kayan maye a watan Yunin 2022, shaguna dubbai suka buɗe cikin ƙanƙanen lokaci, sai ga shi a watan Yunin 2025 gwamnati ta komo ta ce ba mai saye sai da takardar likita. Kano kuwa ba ta bukatar zuwa Asiya neman darasi. Maganin tari mai kodin halattacce ne, rajistarsa cikakkiya, da takardar likita aka ce a sayar da shi, amma sai da ya zama abin sha a gidajen biki da ɗakunan matan aure, har Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a ranar 1 ga Mayu, 2018. Tiramol ma ta wannan hanya ya bi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle, kuma tsarin da ya kasa tsare kwalbar kodin a kemis ɗin ƙauye bai nuna alamar zai iya tsare gonar wiwi ba.

Wannan ba ya nufin a toshe kunne. Hukumar NAFDAC tana da ikon duba magani irin Epidiolex kamar kowane magani, ta yi masa rajista idan ya cancanta, a ajiye shi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a kulle tare da mofin, ga 'yan yaran da duk sauran magunguna suka gaza a kansu. Haka nan babu dalilin da zai hana a ba jami'o'i izinin bincike a kan irin tabar da ake sha a ƙasar nan, a san ƙarfinta da abin da ake gauraya mata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu bai bukaci a shuka kadada guda ba.

Amma idan da gaske tausayin mai farfaɗiya ne ya motsa masu wannan kira, to, akwai aikin da ya fi kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa da magungunan da aka sani tun tuni, irin su fenobabiton, waɗanda kuɗinsu na shekara guda kan iya zama dala 5 kacal, amma kashi uku cikin huɗu na masu cutar a ƙasashe matalauta ba sa samun su. A karkara har yanzu akwai masu ɗaukar farfaɗiya aikin iska, ana gudun yawun mai ita, ana cire yaro daga makaranta, yarinya kuma ta rasa mijin aure. Haka shi ma saurayin da wiwi ta taɓa wa hankali a wani ƙauyen Ajingi: kafin a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau sai an biyo ta Gaya da Wudil, an ratsa birnin Kano an fita ta hanyar Katsina, ga kuɗin mota na mutum uku, domin ba ya tafiya sai da masu riƙe shi. Da yawa a ɗaure suke ƙarewa a gida. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane farfaɗiya da taɓin hankali da jarabar shaye-shaye, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba, kuma dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba da madogara. Masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida mai irin wannan majinyaci. Abin da ya rage shi ne kansilolin lafiya na ƙananan hukumomin nan su zauna da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da hukumar samar da magunguna, a ƙirga ma'aikata nawa aka horar, a kuma duba ko akwai fenobabiton a kan kantar kowane ɗakin shan magani kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa.